Corolla, Sienna ko Hilux: wacce za ta iya da ɗaki mai taya daga Zariya zuwa gona?

Ƙanina yana da gona a bayan Soba, masara da waken suya, kuma duk kaka sai ya yi makonni yana kwana a can har a gama casa a kwashe amfani. Ya gaji da bukkar kara da sauro, shi ya sa ya ƙwallafa rai a kan ɗaki mai taya, irin wanda Turawa ke kira karafan, suna ɗaura shi a bayan mota su tafi hutu. Ya ga wani tokumbo a Kaduna da aka shigo da shi ta Kwatano, wani mai walda a Sabon Gari kuma ya ce zai ƙera masa wanda ya fi shi ƙarfi. Motar da ke hannunsa Corolla ce ta 2010. Kuɗinsa za su kai ya musanya ta da Sienna, in ya matse kuma ya sayar da hatsi da wuri, zai iya kai wa ga tsohuwar Hilux. Da ya zo gida da maganar, ya riga ya yanke hukunci a ransa. "Yaya, ai Sienna V6 ce, me zai gagare ta ja?"

Na ce masa ja ba shi ne wahala ba. Yara uku suna tura mota a fili in batir ya mutu. Abin da ke jefa mutane a rami shi ne tsayar da kayan da aka ja, da riƙe shi a kan layi lokacin da tirela ta wuce ka da iska, da kuma nauyin da ke sauka a kan tayoyin baya. Ƙarfin inji bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amsarsu tana cikin wasu lambobi da kamfani ya rubuta a jikin motar, waɗanda yawancinmu ba mu taɓa sunkuyawa mun karanta ba.

Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kansa. Motocin da suka fito daga Amurka, wato yawancin Sienna da Corolla da Highlander da ke yawo tsakanin Kwangila da Tudun Wada, suna da takarda biyu a wurin. Ɗaya tana ɗauke da haruffan GVWR, iyakar nauyin motar ke nan da duk abin da ke cikinta, mutane da kaya da mai. Ɗayar kuma, mai bayanin iskar taya, tana faɗin jimlar nauyin mutane da kaya da ba a yarda a wuce ba, a kilo da kuma a laba. Wannan ta biyun ce ta fi amfani ga mai son jan ɗaki. Motocin Turai kuwa, waɗanda muke ce wa Beljiyam, nasu ƙaramin faranti ne mai lamba huɗu a jere: ta farko iyakar nauyin motar da lodi, ta biyu iyakar motar haɗe da abin da take ja, ta uku aksil ɗin gaba, ta huɗu na baya. Iyakar abin da za a ja kai tsaye, da iyakar nauyin da zai danna ƙugiya, wato ƙarfen bayan mota da ake ɗaura ɗakin a kai, suna cikin littafin motar. In littafin ya ɓata tun a tashar jirgin ruwa, kamar yadda aka saba, ana samunsa a intanet da shekarar motar da samfurinta. A kula da laba: laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, kilo 0.45 ce. Wanda ya ga 3,500 a littafin Amurka ya ɗauka kilo ne ya ninka wa motarsa lodi fiye da biyu.

Kafin a kwatanta motoci, sai an san nauyin ɗakin, kuma a nan ne hanyoyin biyu da ke gaban ƙanina suka rabu sosai.

Tokumbon Kaduna yana da farantinsa kusa da ƙofa. Ya nuna kilo 1,050 babu kaya, iyakarsa da kaya kilo 1,300. Tazarar kilo 250 ke nan, kuma mun zauna mun lissafa abin da zai shiga. Jarka huɗu ta ruwa mai lita 25, kilo 100 cif, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Janareta matsakaici, kamar kilo 45. Babban batirin sola, wajen kilo 60. Tukunyar gas mai kilo 12.5 idan ta cika, da ƙarfenta, kusan 25. Mun kai 230, ba a sa shinkafa ba, ba a sa tukwane ba, ba a sa fartanya ko injin feshi ba. Ƙanina ya yi shiru ya sake duba lissafin. Waɗannan ɗakuna da almini da katako marar nauyi ake yin su, an yi su ne domin kwalta mai santsi da iyali mai jakar tufafi, ba su san buhun taki ba. Ƙarfinsu kaɗan ne a hanyar burji, kabad-kabad ɗinsu na kwancewa, rufinsu kuma in ya tsufa yana yoyo. Amma suna da abu biyu masu daraja: an san nauyinsu, kuma suna zuwa da birki. Irin na Turai birkinsa a hanci yake, wato ƙarfen gaban ɗakin da ake haɗawa da mota, da zarar mota ta rage gudu ɗakin ya turo ta, turawar ce ke kama birkin tayoyinsa.

Na mai walda kuwa ƙarfe ne tsantsa, kuma ina girmama aikin masu waldarmu, su ne suka riƙe rabin motocin garin nan a kan hanya. Sai dai kalmar "mai ƙarfi" a bakinsu tana nufin mai kauri. Falan ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya yana da nauyin kusan kilo 8 a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi 2, tsayi 2, bangonsa da rufinsa murabba'in mita 32 ne. In an yi su da falan milimita ɗaya da rabi, an tashi da kusan kilo 380. Daɓe da falan milimita 3, ƙarin kusan 190. Ba a zo kan shasi ba, ba aksil, ba sifirin, ba ƙofa da tagogi da sandunan tsaro, ba gado. Cikin sauƙi irin wannan ɗaki yake haura tan ɗaya da rabi yana fanko, kuma yawanci aksil ɗin wata tsohuwar mota ake ɗora shi a kai, babu birki ko kaɗan. Na tambayi mai waldar, "Malam, kilo nawa kake ganin zai yi?" Ya ce ba zai wuce ƙima ba, mota za ta ja. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a kan ƙarfe ido yana kuskure da ɗaruruwan kilo. Duk wanda zai bi wannan hanya, ya sa sharaɗi tun kafin ya biya kafin alƙalami: bango da almini, wanda nauyinsa kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, aksil mai birki, sannan a kai shi sikelin manyan motoci, irin na kamfanonin sayen hatsi ko wurin fasa dutse, a karɓi takardar nauyi kafin a cika kuɗi.

Batun birki ba ra'ayina ba ne. A Turai doka ba ta barin a ja abin da ya haura kilo 750 babu birkinsa, komai girman motar. Littattafan Toyota na Amurka sun ma fi haka tsanani, da yawansu sun ce daga laba 1,000, wato kamar kilo 450, dole abin da ake ja ya kasance da birki.

To, mu ɗauki ɗakin a kilo 1,300 da kaya, mu gwada motocin.

Corolla ba ta ɗaukar dogon bayani. Ta Amurka ta waɗannan shekarun, littafinta ya tsaya a laba 1,500, kilo 680. Ita kanta nauyinta bai wuce kilo 1,250 da 'yan kai ba, wato ɗakin ya fi ta nauyi. Masu jan karafan a Ingila suna da wata shawara da suka daɗe suna bai wa sabon shiga, cewa ɗaki da kayansa kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar fanko. Shawara ce, ba doka ba, amma a wannan ma'aunin ma Corolla ta faɗi. Za ta iya jan ƙaramar tirela mai injin ban ruwa da buhu uku zuwa fadamar Galma ta dawo lafiya. Ɗaki ya fi ƙarfinta.

Sienna ce ke buƙatar a zauna a kanta, domin ita ce ke ruɗin mutane. Samfurin 2004 zuwa 2010, wanda ya cika tashoshinmu, an ba shi laba 3,500, kusan kilo 1,590, da sharaɗin motar ta zo da kayan shirin ja daga kamfani, waɗanda suka ƙara mata sanyaya. Ba kowace ce ke da su ba, sai bakanike ya duba. Nauyinta fanko kusan kilo 1,900 ne, saboda haka ɗaki mai 1,300 bai kai kashi 70 cikin 100 nata ba. Doguwa ce kuma, tsawon da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya yana taimaka mata ta zauna daram. Har nan komai ya yi kyau, kuma nan ne ƙanina ya so a tsaya.

Amma akwai hancin ɗakin. Wani kaso na nauyinsa yana sauka ne a kan ƙugiyar motar, kuma wannan nauyin cikin lodin motar ake lissafa shi, tamkar fasinja ne zaune a bayan bamba. Mu ce takardar ƙofa ta nuna kilo 550 na mutane da kaya, kowa dai ya karanta tasa. Cire 100 na hanci, cire kamar 20 na ƙarfen ƙugiyar kanta, saura 430. Idan tafiyar gona ce, shi da ma'aikata biyu, a ce kilo 210, saura 220: buhun taki huɗu ke nan, ko buhun masara biyu, an rufe. Idan kuma tafiyar da yake mafarki ce, ya kwashi iyali bayan Sallah a bi ta Pambeguwa a hau Jos a sauka Yankari a yi wanka a Wikki, manya shida kawai sun cinye 420. But ɗin motar sai ya tafi fanko. Mu da muka saba ganin Sienna ta tashi daga tasha da mutum tara da buhuna har ƙofar baya ba ta rufuwa, wannan lissafi zai yi mana kama da tsoro. Sai dai waccan ba ta jan komai a bayanta, kuma duk da haka kowa ya san yadda tayarta ke fashewa a hanyar Kano cikin zafin Afrilu.

Akwai kuma yanayin ginin motar. Sienna da tayoyin gaba take ja, in ban da 'yan kaɗan masu jan ƙafa huɗu. Nauyi in ya danna baya, gaba yana ɗagawa, tayoyin da ke ja da juya sitiyari su rage kama ƙasa. A kwalta ba za ka ji sosai ba. A kan jar ƙasa mai santsi a ƙarshen Satumba, ko a hawan gangaren rafi, tayar za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Cikinta yana kusa da ƙasa, ƙugiyar kuma ita ce farkon abin da zai daki tudu. Giyarta otomatik ce, kuma babban maƙiyin otomatik zafi ne. Jan tan ɗaya da wani abu a hawan Jos, daga Zariya da ke wajen mita 650 sama da teku zuwa tudun da ya haura mita 1,200, yana dafa man giya, injin kuma yana rage ƙarfi saboda iska ta yi sirara. Ƙaramin lagireton man giya ba shi da tsada idan aka kwatanta da sauke giya, ni ba zan ɗaura wa Sienna ɗaki ba sai da shi.

Hilux daban take tun daga ƙashi. Jikinta a kan shasi yake zaune, ƙugiya a shasin ake ɗaure ta, bayanta sifirin mai ganye ne, da tayoyin baya take ja, inda nauyin hanci ke ƙara mata kamun ƙasa. Mai ƙafa huɗu tana da ƙaramar giya ta fita daga laka. Lodinta ya kusa tan guda, saboda haka kilo 100 na hanci ba ya cinye wurin kowa. Ga ɗaki mai kilo 1,300 da hanyar gona, babu gardama, ita ce motar aikin.

Duk da haka ina jan kunnen masu Hilux fiye da kowa, domin sunanta yana sa mutum ya daina lissafi. Kilo 3,500 da ake yayatawa na sababbin samfuran dizal ne, daga wanda ya fito a 2015 zuwa sama, kuma ba dukkansu ba. Wadda ta fi yawa a wurinmu, mai injin fetur lita 2.7, da tsofaffin samfura, iyakarsu ba ta kai haka ba. Ko a mai 3,500 ɗin akwai tarko. A kasuwar Ostareliya, Hilux dizal mai ƙofa huɗu ta 2020 an ba ta kilo 3,050 a matsayin iyakarta da lodi, 3,500 na ja, amma jimlar mota da abin da take ja kada ta wuce 5,850. Haɗa biyun farko ka gani, 6,550 ne. Wato ba a yarda ka cika bodi ka kuma cika ja a tafiya ɗaya ba. In ka ja 3,500 cif, abin da ya rage wa motar 2,350 ne, ita kuma fanko ta kai wajen 2,100. Direba da mutum biyu sun gama da sauran. Manomin da zai loda buhun masara goma a bodi, ya ɗauro ɗakin ƙarfe mai tan biyu a baya, ya kamo hanyar gida, ya wuce iyakar birkin motar ko da injin bai yi ƙorafi ba. Sannan ga kuɗin saye, wanda ya ninka na Sienna, ga shan mai, ga kuma cewa iyali ba sa jin daɗin kujerar baya a doguwar tafiya.

Wani zai ce ina Highlander? Mai V6 ta 2008 zuwa 2013, in tana da kayan shirin ja, an ba ta laba 5,000, kusan kilo 2,270, cikinta kuma ya fi na Sienna nisa da ƙasa. Tsaka-tsaki ce mai kyau ga wanda ya samu mai ƙafa huɗu, sai dai matsalar lodin mutane da kaya tana nan kamar ta Sienna.

Kowace mota aka zaɓa, yadda aka jera kaya a cikin ɗakin yana iya rusa duk lissafin. Hanci in ya yi sauƙi da yawa, wato an tara nauyi a bayan aksil, ɗakin yana fara kaɗa wutsiya da zarar gudu ya ƙaru, hagu da dama, kowane kaɗawa ya fi na baya, har ya juya motar. A babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, inda tanka da tirela ke wucewa kusa da madubinka, iskarsu kaɗai ta isa ta tayar da wannan. Turawan Ingila suna neman kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin ɗakin ya sauka a hanci, Amurkawa kuwa 10 zuwa 15, domin sun fi gudu kuma ginin tirelolinsu daban ne. Ga ɗakin Turai mai 1,300, tsakanin kilo 70 zuwa 100 ya yi, muddin bai wuce abin da aka rubuta a jikin hancin da ƙugiyar ba. Aunawa ba wuya: sikelin awon mutum, da guntun katako da aka yanka daidai tsayin ƙugiya, a sauke hancin a kai a wuri mai daidai. Ruwa da batir da janareta su zauna ƙasa, a kan aksil, a ɗaure su. In wutsiya ta fara kaɗawa, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a taka birki da ƙarfi. Jamusawa, da duk kyan hanyoyinsu, kilomita 80 a awa suka sa wa mai jan tirela sai in ya samu izini na musamman. A hanyar Soba da ramukanta, 60 ya wadatar.

Ƙugiyar ma a kula da ita. Ƙwallon Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi sani inci 2 ne, milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas. A ido duk ɗaya suke. Hancin Turai a kan ƙaramin ƙwallon Amurka zai zauna kamar ya kama, sai an daki rami ya fice. Mai Sienna ta Amurka da ɗakin Turai dole ya nemi ƙwallo mai 50, ya kuma sa mai wayarin ya daidaita soket ɗin fitilu, domin bakinsu ba iri ɗaya ba ne. Ƙugiyar da aka yi wa walda a jikin bamba ba ƙugiya ba ce, ta gaske da noti ake ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada. Sarƙa ko igiyar ƙarfe ta tsaro kuma ba a barin ta a gida.

Sai taya. A jikin kowace akwai lamba bayan girmanta: 91 tana nufin kilo 615, 95 kilo 690, 100 kilo 800. Ɗaki mai aksil ɗaya da kilo 1,300, ko an cire nauyin hanci, kowace taya tana ɗaukar 600 zuwa sama, wato mai 91 tana bakin iyakarta. Tayoyin tokumbon Kaduna zanensu sabo fil, domin irin waɗannan ɗakuna zama suke yi fiye da tafiya, amma lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar ƙira sun nuna sun haura shekara goma. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take faɗa wa direbobi. Mun sa kuɗin sababbin taya biyu da safaya da man boris a cikin cinikin.

Shawarar da na ba shi ta dogara ne da sau nawa ɗakin zai motsa. Wanda zai riƙa yawo da shi gona zuwa gona cikin damina, ko mai aikin awon ƙasa ko haƙar rijiyar burtsatse da ke shiga daji kowane mako, ya haƙura ya tara kuɗin Hilux mai ƙafa huɗu, kuma ko da ita ɗin ya guji ɗakin ƙarfe marar birki. Ƙanina kuwa sau biyu ɗakinsa zai yi tafiyar gona a shekara, zuwa a Oktoba, dawowa a Disamba, kusan duka a kan kwalta, sauran watanni goma motar yara za ta kai makaranta a Samaru. A gare shi Sienna da tokumbon mai birki sun isa, bisa sharaɗin mutum uku kawai a mota ranar ja, taki da hatsi kuma su bi wata motar.

Ya tambaye ni kilomita ukun ƙarshe fa, daga bakin kwalta zuwa gonar, inda akwai rafi. Na ce ya yi magana da mai taraktar da ke masa huɗa. A kwance ɗakin a bakin hanya, a ɗaura wa taraktar ƙwallo mai 50, ta shigar da shi a hankali, Sienna ta biyo baya fanko.